Lissafin laifi da sunan baƙo



A Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce za ta riƙa wallafa ƙasashen da baƙi masu laifi suka fito. Wasu sun ce ai gaskiya ce, a faɗe ta. Ni kuwa da ke zaune a Sabo ta Ibadan, tsoro nake kada a kwaikwaya a nan.

Irin wannan lissafi wanda ya shiga hannu yake ƙirgawa. To wa ke shiga hannu? Mai shayi, mai wankin takalmi, ɗan acaɓa mai kwana a rumfa, ba lauya, ba mai beli. Kuma ba a bambance ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, duk "aboki" ne.

An taɓa ɗora wa baƙi laifi bayan rikicin Maitatsine na 1980. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori kusan mutum miliyan 2. Amma Anini da ya addabi Benin da fashi a 1986 ɗan ƙasa ne.

In har za a ƙirga, a sa har da baƙin da aka zalunta, kamar mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris 2025.