Daga Kurna zuwa Minjibir cikin marka

Ƙarfe bakwai na safe na fito daga gida a Kurna, wando a naɗe har gwiwa, takalmi a hannu. Ruwan da aka fara tun bayan isha'i bai ɗauke ba sai gab da asuba, kuma rabin daren mun yi shi ne muna kwalfe tsakar gida da bokiti ni da uwargida, ƙaramar 'yarmu na kwance jikinta zafi rau. Da son samu ne da ban fita ba. Amma saƙo ya zo daga Minjibir cewa bangon ɗakin Gwaggo ya zube, ita ce kuwa ta riƙe ni ina yaro.

Mai adaidaita sahu ya ce naira 800 zuwa Yankaba, ban da ciniki. A shataletalen Baban Gwari na gane dalilinsa. Ruwa ya shafe kwalta da kwata, babu mai iya cewa ga inda titi ya ƙare. Ƙananan motoci sun mace a tsakiya, yaran unguwa na tura su ana ba su na goro. Ledoji da robobin lemo sun taru a bakin kowane kwalbati. Wani dattijo da ke gefena ya ce yana saurayi akwai kududdufai da ke shanye ruwan nan, yanzu an cike su an dasa shaguna. Ya tuna mana da damunar 2022, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Ban ga wanda ya musa masa ba.

Sai tara saura na isa tashar Yankaba. Kuɗin mota naira 1,500, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Muka jira cikon mutum ɗaya har na fara gyangyaɗi, ɗan kamasho na ta rantsuwa cewa ga shi nan tafe. A cikin kasuwa kuwa caɓi ne har idon sawu, masu dako na ratsa shi da kwandunan tumatir da ɗaurin alayyafo.

Muka hau titin Haɗeja, muka wuce Tokarawa da Jogana. Kimanin kilomita 30 ne zuwa Gezawa, daga nan a karya hagu a yi 'yar tafiya zuwa Minjibir. Da rani awa ɗaya ta isa. Ranar mun ci kusan biyu, domin direba ba ya yarda da kowane tabkin ruwa da ya gani a kan hanya sai ya ga wata motar ta shiga ta fita.

Bayan Gezawa idona ya buɗe. Ƙasar nan babu daji a cikinta. Gona na jingine da gona, gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum, wake da gyaɗa sun shimfiɗu a ƙarƙashinsu. Ɗorawa da kuka da tsamiya sun yi duhu, gawo kaɗai ke tsaye tsirara, shi da ke zubar da ganye da damuna. Ƙasar jigawa ce, tana shan ruwa yadda ya zo. Ruwan da ya hana mu barci a Kurna, a nan ya nutse, sai a kwari da fadama yake kwance.

A Wasai na roƙi direba ya sauke ni, na ce zan ƙarasa a babur. Ina son ganin madatsar ruwan Jakara, wadda aka gina a 1976. Duk Bakano ya san Jakara, amma a matsayin ƙatuwar kwata da ta ratsa birni. Ba kowa ke tambayar inda take zuwa ba. Nan take zuwa. Tana kwaso ruwan cikin birni da Fagge da Sabon Gari, rafin Getsi ya ƙaro mata na masana'antun Bompai, duk su taru a ƙasar Minjibir. Ruwan ya cika ya yi faɗi, bakinsa kuma ga ledoji da silifas ɗai-ɗai, irin waɗanda na baro a Baban Gwari da safe. Wani masunci da ke gyaran koma ya ce min su ba sa buƙatar rediyo ta gaya musu an yi ruwa a birni, launin ruwan da tarkacen da ya kawo sun ishe su labari. Na tambaye shi lambun da ke can gefe. Ya ce ya nutse, sai ruwa ya ja za a sake dashe.

A nan lissafin ya fito min. Shekara da shekaru manoman kewayen Kano na sayen sharar birni su zuba a gona a matsayin taki, da a kan jakuna, yanzu a tifa. Ruwan ƙazantar birni ma da shi ake ban-ruwa a gefen Jakara da rani. Sannan latas da kabeji da alayyafo su koma kasuwannin birni mu saya. A ganina duk wanda zai yi maganar magudanan ruwan Kano bai ambaci mutanen Wasai ba, rabin magana ya yi.

Ɗan acaɓa ya karɓi naira 500. Rabona da hawa acaɓa na manta, tun da aka hana shi a cikin birni a 2013, sai ga ni na ƙanƙame ƙarfen baya muna zamewa a laka.

Na tarar da Gwaggo a zaure, an jera kwallayenta da buhun gero a kan benci.

"Gwaggo, sannunku. Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗan nan. Ka baro su Ummi lafiya?"

Ta faɗi haka ne bangon ɗakinta na kwance a tsakar gida. Ba ambaliya ce ta ci shi ba. Marka ce, yayyafin watan Agusta da ke kwana yana wuni, jar ƙasa ta sha ta ƙoshi, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har azara ta saki. Allah Ya sa ta ji ƙasa na zubo mata a fuska ta fito da jikokinta biyu kafin bangon ya tafi. Maƙwabta sun riga ni, sun kafa ginshiƙai sun tokare ɗaya bangon, mata na shigowa jaje da kwanon koko. Babu wanda ya ambaci hukuma.

Abin da ya fi damunta ba ɗakin ba ne. Bikin autarta bayan kaka ne, katifa da zannuwan da aka tara duk sun jiƙe. Ga geron da ke rumbu ya fara warin sanyi. Muna cikin shanya kaya waya ta yi ƙara. Uwargida ce: "Abban Ummi, an gwada yarinyar, zazzaɓin cizon sauro ne, sun rubuta allura. Kuma hadari ya sake haɗowa ta gabas." Na ce ta ɗora buhun shinkafa da littattafan yara a kan gado.

Magini ya zo bayan azahar, ya zaga, ya murje ƙasar a hannunsa. Ya ce ginin ƙasa ba ya yiwuwa yanzu, tubali ba zai bushe ba sai ruwa ya ɗauke. In kuma bulo ake so, buhun siminti ya doshi naira 10,000. Muka tsayar cewa Gwaggo za ta koma ɗakin matar ɗanta, a rufe soron da ya rage da tamfol, gini sai an yi girbi. Na ba da kuɗin tamfol, na ware na allura da na mota. La'asar sakaliya na fita bakin titi, direba ya ce kuɗin komawa naira 2,000 ne, saboda yana so ya shiga Kano kafin ruwa ya sauko.