Hanyar Haɗeja Da Ruwan Damina

Makon jiya ba ku ji ni ba domin na tafi sunan jikar yayata a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, ga shi kuwa na komo muku da labarin hanya.

Wadda ba ta taɓa zuwa ba, to, a Yankaba ake shiga mota a Kano. Daga nan sai Gezawa, sai Ringim, sai ƙasar Taura, har a kai Gujungu, inda hanya ta rabu. A zamanin kakanninmu jirgin ƙasa ne abin hawa a wannan yanki, tun da dogo ya isa Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Malam Madori. Yanzu kuwa kome ya komo kan kwalta. Buhunan shinkafa da riɗi da zoɓo, da kwandunan bandar kifi, da shanun kasuwar Maigatari ta ran Alhamis, da tankokin mai, duk ga su nan bisa hanya guda, ga kuma mai babur ya ɗauko mace da goyo yana kutsawa tsakaninsu. Kai, sai wadda ta gani!

Da muka iso Majiya sai motarmu ta yi tsit. Kun dai tuna a nan ne tankar mai ta faɗi da dare a watan Oktoba na 2024, jama'a suka taru ɗibar man da ya malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na leƙa ta taga, sai na ga garin a bakin titi yake, kamar yawancin garuruwan hanyar nan, ga 'yan mata da farantan talla suna bin kowace mota da gudu. Wadda ke da 'ya mai talla a irin wannan wuri, ta san inda zuciyarta take kwana.

Amma abin da na fi so in gaya muku yana can bayan an sauka daga kwalta. Hanyar ƙauyen yayata burji ce, ta ratsa fadama. Rabona da ita tun daminar 2022, shekarar da ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Jigawa. A wannan zuwa da ƙafa muka ƙarasa, ruwa iya ƙugu, na ɗora kayana a ka, wani yaro yana gaba da sanda yana lalubo mana ƙasa. Mu kam masu lafiya ne. A makon nan ne naƙuda ta zo wa wata maƙwabciyarsu da gardama, aka rasa motar da za ta shigo, sai a amalanken shanu aka kai ta bakin kwalta. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

To, bana na tarar ana aikin hanyar. An jibge jar ƙasa, an tayar da ita ta fi tsayin gonakin da ke gefe, ana bi da mota mai nauyi ana dannewa. Na tsaya wajen wani dattijo cikin masu aikin, ni kuwa kun san ni da tambaya. Ya ce mini babban abokin gaban hanya ruwa ne, mota tana bayansa. Watau ruwa ya kan shiga ta 'yar tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi laushi, sa'an nan babbar mota ta zo ta taka, shi ke nan rami ya samu. In kuwa ruwa ya hau bisa hanya yana tsallakewa, ta gefen da yake zuba yake fara cinta, har ya yanke ta biyu.

Sai ya ƙara da wata magana da ban taɓa tunaninta ba. Ya ce hanyar da aka tayar ba a yi mata isassun kwalbatoci ba, ta zama madatsa. Ruwan da ya saba wucewa ya rasa ƙofa, sai ya juya ya nufi gari. Matafiyi ya wuce ƙafarsa a bushe, mai gida kuwa katangarta ta faɗi.

Ruwan kuwa ba ƙarami ba ne. Kogin Kano da na Calawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. An datse na farko a Tiga a 1974, na biyu a 1992, kuma in madatsun sun cika dole a saki ruwa. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, saboda haka in ya zo ba ya saurin tafiya.

Abin da ya ba ni haushi ɗaya ne. Ran da mutanen gari suka zauna a kan maganar hanyar, maza kaɗai aka kira. Alhali kuwa wa ya san inda ruwa ke fara kwanciya in ba mai zuwa rijiya da asuba ba? Yayata ta nuna mini wani kwari bayan makaranta, ta ce tun tana amarya ta nan ruwa ke bi, ba a kuwa sa kwalbati a wurin ba. Ba a bar wa masu tafiya ƙasa wuri a gefe ba, ba a kuma yi abin rage gudu inda yara ke tsallakawa ba.

Mu ma da namu laifin, kada mu ɓoye. Sabuwar kwalbatin da ke bakin kasuwa har an fara juye mata shara da leda, tun ba ta ga damina ko ɗaya ba.

Kafin in taso, matan unguwar sun haɗu a gidan suna, suka wakilta tsofaffi biyu su kai wa dagaci maganar kwarin nan tun masu aiki ba su kwashe kayansu ba. Yayata ta yi alkawari za ta aiko mini da abin da aka ce, in ya iso kuwa za ku ji.