Gurnanin Roka a Hanyar Matsinkai

Tsohuwar babbar mota ba ta rasa ƙara, amma ƙarar da ba ta tasowa sai an kai wani gudu, ta kuma lafa da zarar an sassauta, ita ce ba a yi wa sakaci. Irin ta ce ta kama wata roka, Marsandi 911, da ta ɗauko lodin taki da gishiri daga Jega za ta kai Matsinkai, a ƙaramar hukumar Bagudo da ke iyaka da Jamhuriyar Benin. A da an daɗe ana harhaɗa waɗannan motoci masu gajeren hanci a kamfanin ANAMMCO na Inugu, wanda aka buɗe a 1980, kuma har gobe suna cin kasuwannin karkarar Kabi.

Daga Jega zuwa Koko babban titi ne, wanda ya zarce Yawuri da Kwantagora, kuma a nan motar ta bayyana ciwonta. Ƙasa da kilomita 60 a awa lafiya lau take tafiya. Da allura ta doshi 70 sai gurnani ya taso daga ƙarƙashi, madubin gefe ya hau rawa har ba a gane motar da ke baya, waɗanda ke zaune a gaba kuwa ba sa jin juna sai da ɗaga murya.

Abin da ake fara rabewa shi ne ko laifin na inji ne ko na abin da ke juyawa da tafiyar mota. A wuri miƙaƙƙe, babu gangara, direba ya take kulochi na ɗan lokaci, inji ya sauka, mota na gudunta. Gurnanin bai ɗauke ba, ya dai ɗan sassauta. Da na inji ne, ko na salansa da ta kwance, da ya sauka tare da injin. Sitiyari kuma shiru yake a hannu, karkarwar a kujera da tafin ƙafa ake jin ta, alamar cewa matsalar daga tsakiyar mota zuwa baya take.

Kunne ma yana da rawar takawa. Tayar roka kewayenta ya ɗan haura mita 3, saboda haka a gudun kilomita 80 tana juyawa kamar sau 7 a daƙiƙa. Taya mai ƙulu ko wili da ya lanƙwashe girgiza suke kawowa, wadda mutum zai iya bi da ƙirga. Farfela kuwa, sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil na baya, tana ninka wannan juyi sau biyar ko shida, don haka nata ba a ƙirga shi, amo ne mai kauri da ke cika mota.

Duk da haka a Koko aka tsaya wajen mai faci, domin da abu mai araha ake farawa. Yaron mota ya bi tayoyi da guduma, ya leƙa tsakanin tagwayen baya ko dutse ya maƙale, ya gwada notuna ɗaya bayan ɗaya. Aka duba cikin wili, inda taɓon fadama kan bushe ya yi nauyi a gefe guda. Direba ya ɗora bayan hannunsa a kan cibiyar kowace taya: boris da ya ci yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa, kuma kukansa kan sauya idan an sha kwana. Duk ɗumi ɗaya ne.

Daga Koko aka karkata yamma zuwa Bagudo, gudu ya ragu, motar ta yi tsit. Wannan shirun shi ke yaudarar direbobin yankin. Wanda yawancin zirga-zirgarsa tsakanin ƙauyukan bakin kogin Kwara ne da kasuwannin iyaka irin su Tsamiya da Lolo ba ya samun filin da zai kai gudun da ciwon ke fitowa, sai ya ɗauka ya warke, alhali ƙura da ruwa suna can suna aikinsu.

Bakaniken Bagudo bai tambayi komai ba sai da aka sa wa tayoyi waigi gaba da baya, aka kashe inji, aka sa giya a firi. Ya shiga ƙarƙashi, ya kama farfela da hannu biyu ya murɗa ta dama da hagu. Gaɓar baya ta ce ƙwas. Ya lakato wani jan gari a bakin kuros ya nuna wa direba a yatsa.

"Maigida, yaushe rabon wannan da giris?"

Jan garin tsatsa ce da niƙaƙƙen ƙarfe. Kuros, wato gaɓar farfela, yana da kofuna huɗu cike da siraran allurai, idan giris ya ƙafe sai su niƙe, farfela ta bar saitinta ta riƙa wulwulawa. Akwai laifi na biyu da ya fi wuyar gani: wani ya taɓa zare farfelar ya mayar ba daidai ba, kunnuwan gaba da na baya ba sa kan layi ɗaya. Gaɓoɓin biyu an yi su ne don ɗaya ta shanye fizgar ɗaya, kuma haƙori ɗaya na kuskure ya isa ya ɓata wannan. Shi ya sa bakanike mai hankali ke shata alama da alli kafin ya kwance.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Kuros na gaba idan ya tsinke ana gudu, kan farfela yakan faɗo ya caki kwalta, ya tsinka bututun birki ko ya ɗaga bayan mota da lodinta.

Aka sa sabon kuros, aka daidaita kunnuwa, aka duba robar boris na tsakiya aka same ta da sauran rai, aka ɗura giris har tsohon ya ɓulɓulo ta kofunan huɗu. Kafin a kama hanyar Matsinkai sai da direba ya nemi wuri mai kyau ya kai motar 70 da lodinta, domin gwajin da aka yi ƙasa da gudun da ƙarar ke tasowa ba ya tabbatar da gyara.