Shekarar da Na Koyi Kallon Haske a Landan

Na daɗe a Landan ban san garin ba. Na san tashar bas, na san jirgin ƙarƙashin ƙasa, na san gidan kula da tsofaffi inda nake aikin dare, na san shagunan Peckham inda muke sayen garin tuwo da busasshiyar kuɓewa. Iyakar sanina ke nan. Da hunturun 2023 ya fara ja da baya, sai na sayi wata tsohuwar kyamarar Nikon ta gwanjo, ba da wata niyya ba face in riƙa ɗaukar yara ranar Sallah in aika gida.

Wanda ya sauya mini akala wani dattijo ne mutumin Zariya da muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Ya yi sana'ar hoto a Sabon Gari tun zamanin fim, lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Baba muke ce masa. Ya karɓi kyamarar ya jujjuya, ya ga na bar ta a kan alamar da take yi wa mutum komai da kanta. Sai ya ce, "Ɗana, ka sayi doki ka sakar masa linzami. Karɓi abinka." Ya murɗa maɓallin zuwa harafin M, ya miƙo mini.

A nan bakin masallaci ya ba ni karatun farko. Abu uku ne, in ji shi, ke haɗa hoto. Na ɗaya ƙofar haske: in lambarta ƙarama ce, kamar f/2.8, ƙofar a wangame take, abin da ka saita zai fito tas, bayansa ya narke. In ta kai f/11, ta tsuke, na kusa da na nesa duk za su fito. Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske ke shiga. Na uku ISO, wanda ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, amma in ya yi yawa hoton ya yi yashi-yashi. Duk wanda ka taɓa, sai ka biya a wajen sauran biyun. Na ce, "Baba, to a kan wa zan koya?" Ya ce, "Ba a kan mutane ba. Mutum zai gaji da tsayuwa. Je ka wajen itatuwa, ga lokacinsu ya zo."

A shekarar an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, ranar 26 kuma aka tura agogon Birtaniya gaba da awa ɗaya. Ranakun da ba ni da aiki, in na yi sahur na yi asuba ba na komawa barci. Sai in saka rigar sanyi in hau bas. A daidai lokacin da Kano ke ƙuna da zafin bazara, a nan ƙasa ce ke farkawa. Itatuwan da suka kwashe watanni tsirara sun fara toho, rawayen furanni sun rufe gefen tafkin St James's Park, inda ake kiwon kwasakwasa tun 1664, shekarar da jakadan Rasha ya kawo wa Sarki Charles na Biyu kyautarsu.

Furen ceri na Greenwich Park shi ya koya mini cewa kyamara ba ta gani yadda ido ke gani. Akwai wata hanya can saman tudu, ta nufi gidan Ranger's House, itatuwan ceri sun jeru dama da hagu, a watan Afrilu rassansu su haɗu a sama. Ma'aunin hasken kyamara yakan ɗauka duk abin da ke gabansa matsakaici ne, saboda haka in ya ga fure mai haske sai ya rage, hoton ya fito toka-toka. Dole kai ka ƙara masa da hannunka. Ga kuma iska. Reshe ba ya tsayawa, sai na ɗaga saurin ƙiftawa zuwa 1/500 kafin gefen fure ya daina dishi-dishi. Na tsaya a gaban reshe guda har yatsuna suka sandare, ina jiran iska ta lafa. A wannan jiran na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: raɓa a leɓen fure, ƙudan zuma ya shiga ya fito da rawayen gari a ƙafafunsa, sannan wata koriyar tsirya mai jan baki ta sauka, ta tsinke fure ta tsotsi gindinsa ta yar. Tsirya a Landan, irin wadda muka sani a gida, tana yawo garke-garke ba mai ita.

Bayan Sallah, wadda ta kama Juma'a 21 ga Afrilu, Baba ya ce in raka shi lambun Kew. Tun 1759 aka kafa shi, a 2003 kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Can ƙarshen lambun, wajen bukkar Sarauniya Charlotte, shuɗin furen nan mai kamannin ƙararrawa ya shimfiɗu a ƙarƙashin itatuwa. Gari ya yi lumshi, ni kuwa ina ta addu'ar rana ta fito. Baba ya ce, "Kada ka roƙi rana. Rana tana wanke shuɗi. Gajimaren nan rahama ce." Ya sa na durƙusa har gwiwata ta jiƙe, na sauko da kyamara daidai tsayin furen. Da na matsa ƙafa zan tsallake igiyar da aka kewaye wurin, sai ya riƙe mini hannu. Furen nan yakan yi shekara biyar zuwa bakwai daga iri kafin ya yi fure, in aka tattake ganyensa kuma yakan daɗe bai farfaɗo ba. Ya ce, "Hoton da za a ɓata abu kafin a same shi, ba namu ba ne."

Wannan magana ta bi ni Richmond Park, dajin da Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye da katanga a 1637, wanda har yau barewa sama da 600 ke kiwo a cikinsa a sake. Ƙa'idar wurin ita ce a tsaya nesa da su da mita 50, musamman daga watan Mayu da suke haihuwa. Na zauna a gindin wani tsohon itace da sassafe, hazo na tashi daga ciyawa, rana tana bayansu, gashin kunnuwansu ya kama haske. Ban matsa ba. Su suka matso, suna kiwo, har na ji ƙarar tsinkar ciyawa a bakinsu.

Amma abin da ya fi ratsa ni ya faru ne a Barnes, a London Wetland Centre, fadamar da aka gina a kan tsofaffin matattarar ruwa guda huɗu aka buɗe a 2000. An yi wani bango mai ramuka domin wata 'yar tsattsewa mai ruwan ƙasa, cikinta fari, wadda Turawa ke kira sand martin. Nauyinta bai kai giram 20 ba, saurinta kuwa sai 1/2000 ke tsayar da fiffikenta. Wata tsohuwa Baturiya mai riƙe da tabarau mai hangen nesa ta tambaye ni daga ina nake. Na ce arewacin Najeriya. Ta nuna tsuntsayen ta ce ai daga wajenku suka taso. A Sahel suke cin hunturu, su ƙetare Sahara, su yi tafiyar dubban kilomita su zo nan su yi ƙwai. Da fari ya afka wa Sahel a 1968 zuwa 1969, sannan a 1983 zuwa 1984, yawansu ya faɗi ƙwarai a Birtaniya. Farin da iyayenmu ke ba da labarinsa, wanda ya kashe shanu ya tarwatsa ƙauyuka, ashe an ƙidaya shi a nan cikin ramukan da suka zauna wayam.

Da na gaya wa Baba, sai ya yi shiru, sannan ya ce shekarun da ya yi yana hoto a Zariya, ango da amarya ya ɗauka, da masu neman fasfo, da 'yan makaranta. Ba wanda ya taɓa biyansa ya ɗauki tsuntsu. Na fahimci abin da yake nufi. Muna da fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka kowace shekara. Muna da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Muna da shamuwa mai zuwa da albishirin ruwa. Yawancin hotunansu masu kyau baƙi ne suka ɗauka, mu muna wucewa ta gefensu zuwa kasuwa.

Yau kowane matashi a Kano da Maraɗi yana da kyamara a aljihu. Ba sai ya zo Landan ba, ba sai ya sayi Nikon ba. Ya fita bayan sallar asuba zuwa fadama ko bakin kogi, ya juya wayar daga fuskarsa zuwa ga abin da Allah Ya halitta, ya tsaya, ya jira. Abin da muka san kamanninsa shi za mu lura ranar da ya fara ɓacewa, kuma shi za mu tashi mu kare.