Malam Shehu, uban Kyauta

Cikin littattahan da ɗalibin karatun manya zai iya ɗauka in hannunshi ya hwaɗa, akwai wani ƙarami mai suna Jiki Magayi. John Tafida da Rupert East suka rubuta shi, an buga shi Zariya cikin shekarun 1930. Mutane sun hi tuna Abubakar, saurayin da aka raba da budurwarshi. Amma wanda ya kamata a duba da kyau, Malam Shehu ne.

Malam Shehu attajiri ne a garin Galma. Shina da kuɗɗi, shina da mata, ba shi da ɗa. Don neman haihuwa ya sa ƙarhin dukiya ya auri Zainabu, alhali ya san Abubakar ke sonta. Allah ya ba shi ɗa namiji, ana ce mai Kyauta. Ranar suna kowa ya ce Malam Shehu ya zama uba. Ina! Lokacin nan mai kaya ne kawai. Yadda ya mallaki doki da riga, haka ya ɗauki yaron.

Abubakar ya shiga duniya neman maganin ramuwa, ya samo, ya ba yaro. Kyauta ya tashi ɓarawo. Daga nan mutumen ya sake. Wanda dā ake durƙusa ma, yanzu shi ke sunkuyar da kai in an ambaci sunan ɗanshi. Kuɗɗin da suka kawo mai mata sun kasa gyara mai ɗa. Nan ne ya hwara jin abin da Abubakar ya ji: a raba ka da abin da kake so kana kallo. Kunya ta hidda shi daga garinsu. Ƙarshe Kyauta ya shiga wani gida sata, ya kashe mai gidan, bai san ubanshi ba ne.

Magidanci na Mayahi ko Kanambakashe ko Tasawa ba ya bukatar a hwassara mai wanga baƙin ciki. Waɗanda suka ga hwarin 1973 da na 1984 sun san uban da ya buɗe rumbu ya iske ƙura, ya saida saniya da arha, ya tahi ci-rani Katsina ko Kano, ya komo an binne mai ɗa. Irin wanga mutum maganarshi kan ragu. Da maraice sai ya ƙirga yaran da suka rage, kowa da sunanshi, kana ya ci tuwo.

Sai dai akwai bambanci. Hwari daga Allah yake, babu wanda ya shuka shi. Wahalar Malam Shehu kuwa, da hannunshi ya shuka ta, shi ya sa marubutan ba su sassauta mai ba. Ko sun tsananta, mai karatu ya duba. Manomin Gulbin Kaba dai ya ga damanar 1985, ruwa ya sauko, ya koma gona da ɗiyan da suka rage mai. Malam Shehu ba a ba shi wata damana ba.