Ranar da Raƙuman Dawa Suka Komo Gadabeji

Wuyansu muka fara hangowa, tun kafin motar ta iso. Babbar mota ce, tana rarrafe cikin rairayi kamar mai ɗauke da ƙwai, kawuna sun leƙo ta sama suna rangaji. A watan Nuwamba na 2018 ne, hunturu ya soma busawa, ni kuwa na je ganin gida daga Dakoro. Yara suka kwasa a guje, malaman daji suna ɗaga musu hannu kada a yi ihu.

Mahaifina ya ce in riƙo shi mu matsa. Idonsa ya yi rauni, sai da muka kusa ya tsaya cak. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗana, ashe zan sake ganinsu?" Yana saurayi yakan ci karo da su a wajen kiwo, suna cin ganyen aduwa da na farar ƙaya. Fari da farauta suka share su, har aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko sawunsu ba a dajin nan. Mu da muka taso daga baya, a tatsuniya muka san raƙumin dawa.

Takwas ne jimilla aka kawo daga Kure, kusa da Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800. Wani malamin daji, idonsa jawur don rashin barci, ya zauna shan shayi da mu ya ba mu labari. Allurar barci ake harba wa dabba, a kayar da ita da igiya, a rufe mata ido, a toshe kunne, kuma dole a farkar da ita nan take, don jinkiri kaɗan kan iya kashe ta. Sai da suka yi makonni a killace suna sabawa da mutane kafin a ɗora su a mota. Ƙanana aka zaɓo, domin babba ba ya ɗaukuwa.

Na tambaye shi me ya sa aka raba su da 'yan uwansu, don ni abin ya ɗan sosa min rai. Ya ce a 1996 guda 49 suka rage a duniya na wannan irin, duk a Nijar. Sun hayayyafa sun kai wajen 600, amma a yanki ɗaya, tsakanin gonakin wake da kwalta. Annoba ɗaya ta isa ta gama da su. Ban gane nauyin maganarsa sosai ba sai a Agustan 2020, da 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, baƙi suka ɗauke ƙafa daga wurin.

Baba dai damuwarsa daban. Ya dubi malamin ya ce, "Malam, ku gobe za ku tafi. Mu da Fulani da Buzaye aka bar wa amana. Ku faɗa wa masu gatari su bar musu itatuwa." Malamin ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu.

Bayan kwana uku na bi wani makiyayi da asuba. Muka same su a gindin wata aduwa, shanu na kiwo a gefensu, babu mai tsoron wani. Ɗaya ta juyo ta ƙura mana ido tana tauna, gashin idonta zara-zara. Da na koma gida Baba ya tambaye ni ko sun rame. Na ce a'a. Ya ce to gobe in kai shi.