Yamai ta bayan gida: wurare huɗu da baƙo ke wucewa

Yau kimanin ƙarni guda ke nan da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai shi Yamai, a shekara ta 1926. Tun daga lokacin mutanen Maraɗi, Tawa da Damagaram ba su daina hawan hanya ba: wani neman takarda ya kai shi, wani jinya, wani sarin kaya. Galibi in buƙata ta biya, sai baƙo ya leƙa Babbar Kasuwa, ya kalli gadar Kennedy, ya nufi tasha. Alhali a cikin wannan birni, wanda ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 1 a cikinsa, akwai wuraren da ke riƙe da tarihin ƙasa da aikin hannunta, ba kowa ke taka su ba.

Na farko yana can cikin kasuwar Katako, daura da filin ƙwallo na Seyni Kountché. In mutum ya wuce masu katako da kwanon rufi, ƙarar guduma ce za ta yi masa jagora zuwa ga maƙera. A nan babu abin da ake kira shara. Tsohuwar gangar mai ta zama akwati ko murhun gawayi, tsohuwar tayar mota ta zama takalmi ko guga. Masu zubi kuwa suna tara gwangwanayen lemo da ɓaraguzan injin mota, su narkar da su, su danna yashi mai laima jikin tsohuwar tukunya har ya ɗauki siffarta, sannan su tsiyaya narkakken ƙarfen a gurbin. Kafin a jima sai ga sabuwar tukunya. Mata da dama na dafa tuwo da ita a ƙauyuka, ba su san inda aka haife ta ba.

Daga Katako, in aka gangaro wajen kogi, akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Yara sun san shi saboda zakuna da dorina, amma kaɗan ke tsayawa gaban wani busasshen itace da aka gina wa rumfa. Shi ne itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai bisa hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Da aka gina rijiya kusa da shi a 1938 zuwa 1939, an tarar saiwoyinsa sun nitsa fiye da mita 30 suna bin ruwa. Madugai ba su taɓa yarda a sare masa reshe don dafa shayi ba. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, shi da ba ya da na biyu a duk faɗin sararin. Gawarsa ce ke Yamai, a gurbinsa kuwa an kafa na ƙarfe.

Ba nisa da nan akwai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. A wani sashe nata ake adana littattafan rubutun hannu kimanin 4000, da Larabci da ajami, a harsuna kamar Hausa, Fulatanci da Zabarmanci. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, shi ya ɗora harsashin tara su daga hannun malamai. Akwai fiƙihu, akwai magani, akwai wasiƙu da tarihin garuruwa. Wanda aka koya wa cewa karatu ya shigo ƙasar nan tare da lakwal, gani zai kori ji.

Na huɗu yana bakin kogi, ƙasa da gada, wajen Gamkale. Hanci ke fara sanin an iso majema. Ana jiƙa fatar akuya da ta tunkiya cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki, sannan a shafe ta da mai a shanya. Daga nan dukawa ke samun abin ɗinka jaka, takalmi da kube. Aiki ne na wari da haƙuri, kuma irinsa ne ya fid da sunan fatar jar akuyar Maraɗi har ƙetare.

Ko ɗaya cikin waɗannan wurare ba shi da tabbacin gobe. Gobara ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, ta cinye Ƙaramar Kasuwa a 2012. A 2020 kogi ya cika ya shafe gidaje da garake a bakinsa. Takarda kuwa gara da laima sun ishe ta. Abin da jama'a ba su sani ba, ba su tambayar lafiyarsa, har ranar da za a ce babu shi. Saboda haka baƙon da Allah ya kai Yamai, in ya gama da ofis ko asibiti, ya rage wuni guda, ya riƙo hannun ɗansa su zagaya. Allah ya tsare abin da ya rage.